Laftof, kwas ko keken ɗinki? Amsa ga ɗalibar da ke shirin shiga ajin ƙarshe

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a jihar nan, ina karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma ina shirin shiga ajin ƙarshe. Lokacin da na je horon sanin makamar aiki na SIWES a wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Kaduna, an ba ni sakamakon gwaji na mako guda aka ce in shigar a manhajar lissafi ta Excel in fitar da jimilla. Na yini a gaban kwamfutar ban iya komai ba, sai wani ɗalibi da muka je tare ya gama cikin ɗan lokaci. Tun daga ranar ba a sake ba ni irin wannan aikin ba. A makaranta sakamakona mai kyau ne, har kwas ɗin kwamfuta na ci shi sosai, amma a takarda muka yi shi, kuma duk aikin da aka ba mu a shagon buga takardu nake biya a yi mini.

Yayana da ke aiki a Abuja ya yi mini alkawarin kuɗi, sai dai ba za su isa abu biyu ba. Shi yana so in shiga kwas na wata 6 in koyi rubuta manhaja. Baba ya ce bai yarda da karatun yamma a wata unguwa ba, kuma yana ɗari-ɗari da laftof saboda abin da yake ji game da 'yan damfara da lalacewar tarbiyya. Mama ta ce gara a saya mini keken ɗinki tunda aikin gwamnati ya yi wuya. Ƙawata kuma ta ce in daina wahalar da kaina, ChatGPT zai yi mini komai. Waya kawai nake da ita, kuma ba na so in ɓata wa kowa rai. Me ya kamata in koya, kuma ta ina zan fara?

Ƙanwarki daga Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne yadda kika yini a wurin ba ki buɗe baki kin ce a nuna miki ba. Na san kunya ce ta hana ki, irin kunyar mai ƙoƙari a aji wadda ba ta saba a gan ta a baya ba. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da ya same ki ba shi da alaƙa da ƙarancin basira. Aiki da kwamfuta aikin hannu ne, kuma wadda ta ci jarrabawarsa a takarda daidai take da wadda ta haddace yadda ake tuwo amma ba ta taɓa riƙe muciya ba. Ɗalibin nan ya riga ki zama a gaban na'urar ne kawai, kuma idan kika dage, tazarar da ke tsakaninku ba za ta wuce ta 'yan watanni ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, giɓin na gaske ne kuma lokacin cike shi ya yi. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Rajistar hidimar ƙasa ta NYSC a intanet ake yin ta, haka neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, kuma yawancin guraben aiki na gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ta shafin intanet ko ta imel ake nemansu. Mai ɗaukar aiki a yau ɗauka yake duk mai digiri ta iya buga takarda da tsara jadawali, shi ya sa wadda ba ta iya ba ake janye mata aikin shiru ba tare da an faɗa mata dalili ba.

Ra'ayina shi ne a sayi laftof mai matsakaicin ƙarfi da kuɗin nan, a jinkirta kwas ɗin, keken ɗinki kuma a ba shi nasa lokacin. Dalilina shi ne kina gab da rubuta kundin kammala digiri, kuma babu malamin kwamfuta da zai koya miki abin da wannan kundin zai koya miki muddin da hannunki kika yi shi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Duk abin da ofis ke nema daga sabuwar ma'aikaciya yana cikinsa: bincike, tattara alƙaluma, lissafi, rubutu mai tsari, aika wa malami ta imel, da gabatarwa a gaban jama'a.

Ki fara da yatsunki. A kan madannan kwamfuta haruffan F da J suna da ɗan tudu, a nan ake ɗora yatsa manuni na hagu da na dama, sauran su jeru a gefe, a koyi bugawa ba tare da kallon hannu ba. Akwai shafukan koyon haka kyauta irin su TypingClub, kuma minti 20 kullum bayan sallar asuba ya fi awa 3 a ranar Asabar kaɗai amfani. Idan kin kai kalma 30 zuwa 40 a minti ɗaya, kin wadatu. Tare da haka ki saba da ajiyar fayil: folda ɗaya ga kowane kwas, suna mai ma'ana da kwanan wata ga kowane fayil, da kwafi na biyu a Google Drive, wanda ke ba duk mai adireshin Gmail gurbin 15GB kyauta. 'Yan ajin ƙarshe da yawa sun zubar da hawaye saboda kundinsu a fulash ɗaya yake, fulash ɗin kuma ya ɓace ko ya lalace ana saura mako guda a miƙa aiki.

A manhajar rubutu ta Word, ki koyi sanya kanun babi da tsarin Heading, domin da shi manhajar za ta fitar miki da jerin abubuwan da ke ciki da kanta, lambobin shafi su gyaru da zarar kin danna sabuntawa bayan kin ƙara rubutu. Ki koyi raba kundi yadda shafukan farko za su ɗauki lambar Romawa sauran su ɗauki lambar da aka saba, ki san Track Changes da malamai ke yin gyara da shi, da mayar da takarda PDF kafin a aika. Manhajar Zotero kyauta ce, ita ce za ta riƙe miki manazarta ta jera su a tsarin da sashenku ya zaɓa.

Excel kuwa shi ne ya kamata ki fi ba lokaci, domin a fanninki kusan kowane aiki a jadawali yake ƙarewa. Ƙa'idarsa ta farko ba ta buƙatar lissafi ko kaɗan: kowane samfuri layi ɗaya na kwance, kowane bayani layi ɗaya na tsaye, wato lambar samfuri a gidanta, kwanan wata a gidansa, nau'in gwaji a nasa, sakamako a nasa. Yawancin matsalar masu koyo daga karya wannan ƙa'idar take tasowa. Idan kika rubuta 12mg a gida ɗaya, Excel zai ɗauke shi a matsayin rubutu ya ƙi tara shi, don haka 12 kaɗai ake sa wa, ma'aunin ya hau kan taken layin. Idan sakamako iri ɗaya yau kin rubuta shi da kalma gobe da alama, ƙirga zai fito ba daidai ba. Idan kika shigar da lambar waya da ta fara da 0, zai cire sifilin sai kin gaya masa gidan na rubutu ne. Bayan kin kiyaye waɗannan, duk umarnin lissafi da alamar = yake farawa, kuma guda huɗu sun ishe ki a watan farko: SUM na tarawa, AVERAGE na fitar da matsakaici, COUNTIF na ƙirga abin da ya cika wani sharaɗi, da IF na yanke hukunci tsakanin abu biyu. Daga nan sai jera bayanai da tace su, sai zana hoton alƙaluma, sai PivotTable, wanda ke taƙaita layi dubu zuwa ɗan jadawalin da ke nuna gwaji nawa aka yi na kowane nau'i a kowane wata. Aikin da aka ba ki a wancan ɗakin gwaji bai wuce waɗannan ba.

Kada ki koya da alƙaluman da babu ruwanki da su, domin saurin gundura suke sa wa. Ki ɗauki littafin adashen Mama idan tana riƙe da shi, ko lissafin cefanen gida na wata guda, ko makinki na dukkan zangunan da kika yi, ki lissafa matsakaicinsa da kanki ki gwada da wanda makaranta ta fitar. Tunda kin riga kin san amsar, da zarar kin yi kuskure za ki gani.

Imel ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ne fuskarki ta farko ga wanda bai san ki ba. Ki buɗe adireshi da sunanki na gaskiya, ba sunan da ƙawaye ke kiranki da shi ba, ki riƙa sa take, gaisuwa, buƙatarki a taƙaice da cikakken suna, ki duba kin liƙa fayil kafin ki aika. A wajen bincike ki saba da Google Scholar, da PubMed da ke tattara binciken lafiya da na halittu kyauta, da AJOL inda ake samun mujallun ilimi na Afirka. Idan har kina sha'awar aiki da ƙungiyoyin lafiya, ki gwada KoboToolbox, wanda ake tsara takardar tambayoyi da shi a cika a waya ko da babu sabis, ki kuma san cewa akwai DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman cibiyoyin lafiya da ita a Najeriya.

Tsaro ma fasaha ce, kuma a nan ne damuwar Baba ta haɗu da maslaharki. Lambar sirri ta katin banki, lambar da banki ke turowa ta tabbatar da ciniki, da lambobi 6 da WhatsApp ke turowa, ba a ba kowa su, ko da muryar da ta kira ta san sunanki. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Gmail a yau. Duk tallan aikin da ya nemi ki biya kafin a ɗauke ki, ki ɗauka tarko ne, kuma shafukan hukumomin gwamnati galibi da .gov.ng suke ƙarewa. Kada ki ara wa kowa asusun bankinki a turo kuɗi ta cikinsa, domin idan kuɗin na damfara ne, sunanki za a fara gani. Sannan ke da za ki riƙa taɓa sakamakon marasa lafiya, ki sani dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, don haka sunan majiyyaci da sakamakonsa ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne.

Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa ayyuka da yawa, kuma ina so ki iya amfani da ita. Amma tana iya ƙago sunan marubuci da mujalla da shekara waɗanda babu su, ta jera miki su tsaf kamar gaskiya, kuma tana iya ba ki umarnin Excel da zai fitar da lamba ba daidai ba. Wadda ba ta san aikin ba ba ta da hanyar gane an yi mata kuskure, kuma ranar kare kundi ita za ta tsaya gaban malamai ta amsa tambaya. Ki riƙe ta a matsayin mai yi miki bayani: ki tambaye ta yadda COUNTIF ke aiki, ki gwada da hannunki, duk manazartar da ta ambata kuma ki nemo ta ki karanta kafin ta shiga kundinki.

Yayanki ya hango miki nesa, kuma ya cancanci godiya ta musamman. Rubuta manhaja sana'a ce mai kyau, har ma a fanninki tana da gurbi, domin masu nazarin ƙwayoyin gado da harsunan rubuta manhaja irin su R da Python suke aiki. Matsalar ita ce jerin matakai. Wadda ba ta saba da madannai da folda ba, kuma ba ta da na'urar da za ta maimaita darasi a gida, za ta gama wata 6 da takardar shaida a hannu ba tare da ƙwarewa ba, ga kuma ajin ƙarshe da nauyinsa. Ki gaya masa ba ƙin shawararsa kika yi ba, so kike ki shiga da shiri. Ki kuma nuna masa cewa akwai hanyoyin da ba sa cin kuɗin makaranta, kamar shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, ciki har da nazarin alƙaluma, da darussan freeCodeCamp da na Cisco Networking Academy. A nan Kaduna ma akwai cibiyoyin matasa masu fasaha irin su CoLab da ke Barnawa, inda za ki iya bibiyar shirye-shiryensu. Idan daga baya kuka ga kwas na kuɗi ya dace, kafin a biya a tambayi awa nawa ɗalibi ke yi a kan kwamfuta shi kaɗai, a kuma nemi ganin aikin da waɗanda suka gama suka yi.

Mama ma kada ki ɗauki maganarta da wasa. Mutanen garin nan sun ga yadda masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, magidanta suka wayi gari babu albashi, don haka uwar da ta ce 'yarta ta riƙe sana'ar hannu ta san abin da take gudu. Amma ɗinki ana fara koyonsa a kan keken mai koyarwa, kuma idan aka saya yanzu zai fi zama a lulluɓe har ki gama jarrabawa. Ki yi mata alkawarin shiga koyon ɗinki a tsakanin kammala karatu da tafiya hidimar ƙasa, ki cika alkawarin. Ko a ɗinkin ma, lissafin kuɗin yadi da ribar kowane kaya da tallan aiki a intanet duk abin da kike shirin koya ne zai yi miki su.

Baba shi ne wanda ya fi buƙatar a bi a hankali. Tsoronsa yana da tushe, domin yana jin labarin matasan da hukumar EFCC ke kamawa da laftof a hannu, kuma haƙƙinsa ne ya san inda 'yarsa take bayan magariba. Kada ki yi jayayya da shi, kada kuma ki ce masa zamani ya wuce shi. Ki fara shawo kan Mama da Yaya, sannan Yaya ko wani baffa da Baba ke jin maganarsa ya gabatar da batun kina zaune. Ki sauke maganar karatun yamma gaba ɗaya, wannan kaɗai ya ɗauke rabin damuwarsa. Ki bayyana masa cikin ladabi cewa kundin digiri wajibi ne, kuma idan babu na'ura a gida dole ki riƙa zaman jiran layi a shagon buga takardu har yamma cikin cunkoson mutane, ga kuɗin bugawa duk lokacin da malami ya yi gyara. Sannan ke da kanki ki kawo sharuɗɗa kafin a gindaya miki: a falo za ki riƙa aiki, a san lokacin rufewa da dare, kuma duk wanda ya so ganin abin da kike yi ya gani. Idan yana da lissafin kasuwanci ko wasiƙar da yake kai wa a buga masa, ki roƙi ya bar miki wannan hidimar.

Idan ya amince, a wajen saye a nemi mai RAM 8GB da ma'ajiya irin ta SSD 256GB, da injin Intel Core i5 na ƙarni na 8 ko sama da haka, domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injinan da suka girmi wannan. Ta hannu ma ta isa, matuƙar an je da wanda ya san kan abin, an gwada kowane madanni, an cire caji an ga tsawon lokacin da batir ke riƙewa, abin da ba sai na gaya wa mazauniyar Kaduna muhimmancinsa ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar saboda gudun kayan sata. Idan kuɗin Microsoft Office, wato kunshin da Word da Excel ke ciki, ya gagara, LibreOffice da Google Docs da Google Sheets kyauta ne, kuma abin da kika koya a ɗaya yana aiki a ɗayan.

Idan kuma ya ce a'a, kada ki saya a ɓoye ki ajiye a wurin ƙawa, domin ranar da ya gano, yardar da kike nema ta yi nisa. Ki roƙi Yaya ya riƙe kuɗin, a cire kaɗan a saya miki ƙaramin allon madannai mai Bluetooth da za ki haɗa da wayarki, ki sauke Google Docs da Google Sheets ki fara darasin yatsu da na jadawali a kansu. Ki bincika ko cibiyar kwamfuta ko ɗakin karatun makarantarku na ba ɗalibai damar zama a kan na'ura tsakanin lakca da lakca, a shagon buga takardu kuma ki daina biyan kuɗin a buga miki, ki biya kuɗin awa ɗaya ki buga da kanki da rana. Ranar da sashenku ya amince da taken kundinki, ki kai wa Baba takardar ya gani da idonsa, tare da lissafin gida na wata biyu da kika tsara a waya, sannan Yaya ya sake tayar da maganar.